Numfashi a Adis Ababa

Hausawa da yawa sun je Adis Ababa, amma kaɗan ne suka shige ta. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guwanzu da Dubai, da masu niyyar Umara, da masu kai majinyata Indiya, duk a filin jirgin Bole suke canjin jirgi. Mutum ya zauna yana gadin jakarsa, ya rama sallolin da ake binsa, a kira jirginsa ya wuce. A jirgin da ya ɗauko mu daga Abuja cikin Disambar 2017, Hausa ce ke tashi gaba da baya, amma da aka sauka aka raba layi, sai na ga kusan duk mutanenmu sun bi na masu wucewa. Wani Alhaji ɗan Kantin Kwari da muka zauna kusa da juna ya dube ni.

"Malam, kai nan za ka tsaya ke nan?"

"Nan ne, Alhaji. Wani taron bita aka turo ni."

"To madalla. Ni shekara da shekaru ina bi ta nan, ban taɓa taka ƙasar garin ba. Amma dai ka fito da rigar sanyi tun yanzu. Allah ya sa a gama lafiya."

Da na fito harabar filin dare ya riga ya yi. Sanyi ne ya fara tarbata, amma ba irin na hunturunmu ba, mai zuwa da ƙura da iska. Wannan tsit yake, babu ƙura ko kaɗan, yana shiga ta wuyan riga da tsakanin yatsu. A cikinsa akwai ƙamshin hayaƙin itacen turare, wanda daga baya na iske shi a kowace unguwa, safe da yamma. Direban da aka aiko ya sa jakata a bayan wata tsohuwar Lada mai launin shuɗi da fari, muka hau titin Bole mai faɗi, ta tsakanin dogayen benaye, rabinsu an gama, rabinsu kuma an kewaye su da sandunan itacen turare da magina ke takawa.

Masaukin ƙaramin bene ne, ɗakina a hawa na uku. Wani saurayi ya saɓa jakata a kafaɗa ya haye da sassarfa. Na bi bayansa, ba na riƙe da komai sai 'yar jakar hannu. Kafin in gama hawa na biyu zuciyata na dukan ƙirji har ina jin ta a kunne, gwiwoyina suka yi sanyi, dole na dafa bango. Na buɗe baki na ja iska iya ƙarfina. Ƙirji ya cika, amma babu ƙoshi, kamar kunun da aka tsinka da ruwa, ka shanye kwano guda ka tashi da yunwarka. Matar da ke kula da masaukin, wata dattijuwa lulluɓe da farin mayafin auduga, ta ɗago kai daga ƙasa ta ce mini cikin Turanci in hau a hankali, in sha ruwa da yawa, kuma kada in ci abinci mai nauyi a daren. Ta ce kowane baƙo haka yake yi.

Abin da ke ƙarƙashin wannan duka tsayi ne. Adis Ababa na zaune a kan tudun da ya kai mita 2,355 daga doron teku. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos kuwa da muke yi wa kallon garin sanyi, wajen mita 1,200 take. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne in ka duba taswira, Adis Ababa da Abuja a layi ɗaya suke, kowacce tana wajen digiri 9 arewa da Ikwaita. Rana ɗaya ce ke bi ta kansu, tsawon yini kusan ɗaya. Amma na baro Abuja ana kunna fanka, na zo inda ake kwana da bargo biyu, domin a Disamba sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 10. Iskar da ke wannan tudu kason oksijin ɗinta bai sauya ba, kashi 21 cikin ɗari ne kamar ko'ina. Matsin iskar ne ya ragu da wajen kashi ɗaya bisa huɗu, saboda haka kowane numfashi abin da yake kai wa jini ya gaza wanda jiki ya saba samu. Jiki kuwa ba ya jiran shawara. Nan take yake ƙara saurin numfashi da bugun zuciya, sannan ƙoda ta saki wani sinadari da ke sa ɓargo ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini. Wannan na ƙarshen sai an yi makonni yake kankama, shi ya sa baƙon kwana kaɗan yakan koma gida jikinsa bai gama sabawa ba.

A daren barci ya yi ta yankewa. Sai in fara nisa, in farka ina jan iska da ƙarfi, goshina na sara, hancina ya bushe ƙamas. Cikin wannan farkawar ne na lura babu gidan sauro a ɗakin, babu ma ƙusar rataya shi, kuma ban ji kukan sauro ko ɗaya ba. Zazzaɓin cizon sauro yana nan a Habasha, amma a kwaruruka da ƙasashen zafi yake. Sanyin wannan tudu bai bar shi ya zauna a birnin ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa tun zamanin da mafi yawan mutanen ƙasar a kan tuddai suke zaune, duk da wuyar noma a gangare.

Tun kafin asalatu wata murya ta fara tashi daga lasifika, a hankali, tana ja tana sauka. Ba kiran salla ba ne. Limaman wata majami'ar Otodoks ne ke rera addu'o'insu da harshen Gi'iz, tsohon harshen da ba a ciniki da shi yanzu sai ibada. Ana cikin haka ladan ya shigo daga wani gefen, muryoyin biyu suka yi ta tafiya tare a saman rufin kwano. Na yi alwala da ruwan da ya sa yatsuna suka ƙage, na ɗauki darduma. Dattijuwar ta riga ta nuna mini inda zan fuskanta tun da dare, ta ce baƙinta Musulmi duk can suke kallo. Arewa ce. Tun ina yaro in an tashi salla gabas ake dubawa, gabas ake juya mamaci, gabas ake juya dabbar yanka. Daga Adis Ababa kuwa Makka tana arewa ne kusan sak, a hayin Bahar Maliya. Da gari ya waye rana ta fito ta kafaɗata ta dama. Wannan ne ya fara tabbatar mini da nisan da na yi da gida, fiye da sa'o'in da na yi a jirgi.

Na leƙa ta taga. Mutane na wucewa cikin fararen tufafin auduga, mata sun lulluɓe kai, maza sun yafa bargon saƙi mai kauri da suke kira gabi. A ƙofar majami'ar wasu na tsayawa su sumbaci ginshiƙi, su dafa goshi a bango, masu shiga ciki su tuɓe takalma. Kiristancin Habasha ya kafu tun ƙarni na 4, ba Bature ne ya kawo shi ba, kuma Musulmi in ya gan shi yana ganin abubuwan da ya sani: sujada, da azumi mai yawa, da ƙin naman alade.

Wajen karin kumallo dattijuwar ta ja mini kunne a kan agogo. Ta ce duk wanda ya ba ni lokaci a garin nan, in tambaye shi agogon wa yake nufi. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga, saboda haka ƙarfe 7 na safe a wurinsu ƙarfe 1 ne, tsakar rana ƙarfe 6, faɗuwar rana ƙarfe 12. Takardar shaidar biyan kuɗin da ta ba ni kuma shekarar 2010 ce a jiki. Kalandarsu wata 13 gare ta, 12 masu kwana 30, sai ɗan ƙarami mai kwana 5 ko 6, sabuwar shekara kuma a Satumba take kamawa, bayan damina. Ni dai na ga hikimar agogon nan. A ƙasar da rana ke fitowa kusan lokaci ɗaya duk shekara, fara ƙirga da wayewar gari ya fi kusa da rayuwar manomi da ɗan kasuwa a kan fara shi da tsakar dare ana barci. Kuma babu wani gwamnan mulkin mallaka da ya daɗe a nan har ya sauya musu shi.

Hanyar zuwa wurin taronmu ta dandalin Meskel take bi. Fili ne makeke, motoci na ratsa shi ta kowace fuska, jirgin ƙasan cikin gari da 'yan ƙasar Sin suka gina, wanda aka buɗe a 2015, yana wucewa ta kan gada a gefensa. A ɗaya gefen akwai dogayen matakalai a jere, sun yi rabin da'ira. A nan na roƙi direba ya tsaya. Ɗaruruwan mutane ne ke gudu a kan matakalan, su bi wannan layi har ƙarshe, su hau na sama su juyo. Akwai samari da 'yan mata cikin kayan wasa, akwai magidanta da tsofaffin takalma, kowa bakinsa na fitar da tururi. Ba sa haki. Wasu ma hira suke yi suna gudu. Ni da na taka matakala kaɗan don in gani da kyau sai da na tsaya na huta, na tsaya ina kallon ƙirazan da aka haifa a cikin wannan iska.

A nan ne labarin da na daɗe ina ji ya zauna mini. Abebe Bikila, sojan fadar Sarki Haile Selassie, ya ci tseren gudun fanfalaki na Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, ya sake ci a Tokiyo a 1964. Hanyar tseren Rum ta bi ta gaban dogon dutsen tarihi na Aksum, wanda Italiya ta kwashe daga Habasha a 1937 ba ta mayar ba sai 2005. Derartu Tulu, da ta ci zinare a tseren mita 10,000 a Basalona a 1992, da Kenenisa Bekele, da Tirunesh Dibaba, duk daga yankin ɗan ƙaramin garin Bekoji suka fito, wanda ya fi Adis Ababa tsayi. Tsayi kaɗai ba ya yin gwani, da haka ne da duk mazauna duwatsun duniya sun zama zakaru. Amma yaron da ya tashi yana zuwa makaranta a ƙafa a irin wannan tudu, ranar da ya sauka ƙasa ya shaƙi cikakkiyar iska, ya riga abokan karawarsa da wani abu.

Da rana ta take sai garin ya sauya hali. Hasken yana da kaifi, yana cizon goshi da bayan wuya, amma da ka shiga inuwar bene sai sanyi ya dawo nan take, har mutum ya rasa ko ya cire rigar sanyi ko ya bar ta. Leɓɓana suka tsattsage. Shayi ma bai yi zafin da na saba ba, domin a wannan tsayi ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 92. A bakin titi 'yan shushaina sun jeru da akwatunansu, ƙananan motocin haya na tsayawa, yaran mota sun leƙo da rabin jiki suna kiran Piyasa, Markato, Arat Kilo. Maza in sun haɗu sai su kama hannu su buga kafaɗa da kafaɗa. Wani abu kuma da kunnena ya kama: in mutum yana sauraronka ya yarda da abin da ka faɗa, sai ya ja iska ciki da ɗan sauti, gajere. Baƙo zai iya ɗauka firgita ya yi. Na'am ce kawai.

Abincin rana injera ce, kamar yadda take ta safe da ta dare. Wani faffaɗan fanke ne mai laushi da tsami, fuskarsa cike da ƙananan idanu, ana yin sa da garin tef, hatsin da ƙwayarsa ba ta kai ta acca girma ba, kuma a kan waɗannan tuddai aka fara noma shi. Ita ce faranti, ita ce cokali. Ranar Laraba ce, ranar azumin Kiristocinsu, kamar Juma'a, don haka babu nama babu man shanu a tukunyar gidan abincin. Aka jera mana miyar garin wake da suke kira shiro, da adas, da kabeji, da ganye, kowanne ɗan tsibi a kan injera ɗaya, mu huɗu muka sa hannu. Wannan ya sauƙaƙa mini, domin a garin nan nama yana da addini: rumfar mahaucin Kirista da gicciye a jikinta, ta Musulmi da jinjirin wata, kowa ya san inda yake saye.

Da la'asar dattijuwar ta ce ciwon kaina gahawa yake so. Wata budurwa ta baza ɗanyar ciyawa a dandamalin falo, ta zauna a 'yar kujera gaban kurfoti. Ta wanke ɗanyun 'ya'yan gahawa, ta zuba a ƙaramin kasko tana juyawa har suka yi baƙi suna ƙyalli, sannan ta zagaya da kaskon gaban kowa, kowa ya jawo hayaƙin da hannu zuwa hancinsa. Ta daka a ɗan turmi, ta zuba a baƙar butar ƙasa mai dogon wuya, ta ɗora a gawayi. Gefe guda lubban na ci a kasko, ga gugguru a faifai. Da ta tafasa ta sauke, ta jingine butar ta bar gari ya kwanta, sannan ta ɗaga ta sama ta tsiyaya a finjalai ba tare da ta yanke zubin ba. Sau uku ake sha, kowane zagaye ya fi na baya sauƙi, kuma tashi kafin na ukun rashin ladabi ne. Mun fi sa'a guda a zaune. Babu wanda ya duba agogo, kowanne iri ne. Ciwon kan ya lafa, ko gahawar ce ko zaman ne.

Taronmu bai yi nisa da Zauren Afirka ba, inda shugabannin ƙasashe 32 suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ranar 25 ga Mayun 1963. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana wurin, Diori Hamani na Nijar yana wurin. Kwame Nkrumah ya nemi a haɗe nan take a zama ƙasa ɗaya, Ɓalewa na cikin waɗanda suka ce a bi sannu, kuma ra'ayinsu ne ya rinjaya. Na shiga na ga manyan tagogin gilashi masu launi da Afewerk Tekle ya zana. Sabuwar hedikwatar Tarayyar Afirka kuwa, wadda ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 2012, daga mota na hange ta.

Ranar Juma'a na nufi Markato. Italiyawa ne suka kafa kasuwar a shekarun mamayarsu, 1936 zuwa 1941, lokacin da suka kori 'yan ƙasa daga tsohuwar kasuwar tsakiyar gari don su keɓe wa kansu Piyasa. Yau ta haɗiye unguwanni. Akwai layin barkono da kayan yaji inda atishawa ke kama mutum tun daga nesa, akwai layin da ake mayar da tsohuwar taya takalmi, tsohuwar gwangwani kurfoti. Jakuna na kutsawa tsakanin motoci, 'yan dako na gudu da katifu a jibge a ka, suna ihu a ba su hanya, kuma duk wannan a kan gangare. A tsakiyarta Masallacin Anwar yake, majami'ar Raguel na maƙwabtaka da shi. Sahu ya fito har kan titi, aka shimfiɗa kwali da darduma. Ƙidayar 2007 ta nuna kusan kashi ɗaya bisa uku na mutanen Habasha Musulmi ne, abin da yawancinmu ba mu sani ba.

Bayan an sallame wani dattijo mai jan gemu na lalle ya ga hulata ya tambaye ni da Larabci daga ina. Na ce Nijeriya.

"Marhaban, ɗana. Kun daɗe kuna bi ta Sudan zuwa Hajji, mun san ku."

"Mu ma mun san ku, Baba. Tun muna makarantar allo ake ba mu labarin Najjashi."

Ya riƙe hannuna da hannu biyu bai saki ba. Kowane ɗalibin sira ya san hijirar farko, wajen shekarar 615, da sahabbai suka tsallaka teku zuwa ga sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa, da yadda Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam, ya ƙi miƙa su ga 'yan aiken Ƙuraishawa. Wannan bai faru a Adis Ababa ba, domin a lokacin babu ita. Can arewa ne, ƙasar Tigrai, inda garin Negash yake. Amma ni a wannan sahu na ji nauyin labarin. Na yi tunanin mutanen da suka fito daga zafin Makka suka hau waɗannan duwatsu a ƙafa, da irin numfashin da suka yi.

Wurin da ya fi zauna mini a rai shi ne Entoto, dutsen da ya tokare birnin ta arewa, wanda tsayinsa ya haura mita 3,000. A can Sarki Menelik na Biyu ya fara kafa sansaninsa, domin daga can ana hangen maƙiyi ta kowace fuska. A majami'ar Maryam da ke ƙolin dutsen aka naɗa shi sarkin sarakuna a 1889, kuma fadarsa na nan a bayanta, 'yan ɗakuna masu farar ƙasa da rufin ciyawa, abin mamaki ga mutumin da ya karya rundunar Italiya a Adwa a 1896. Sanyi da iska da ƙarancin itace sun gallabi mutanen sansanin. Matarsa, Taitu, ita ta sauko gangare a 1886 ta gina gida kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafi, a wurin da Oromawa ke kira Finfinne, fada ta biyo ta, gari ya biyo fada. Ba a jima ba aka cinye dazukan kewaye, har Menelik ya fara gina wata sabuwar fada a Adis Alem da niyyar ƙaura, kamar yadda sarakunan da suka gabace shi ke tashi in itace ya ƙare. Abin da ya tsayar da birnin a inda yake shi ne itacen turare da aka kawo daga Ostireliya, mai saurin girma, wanda in an sare shi yake sake tofowa. Dutsen Entoto yau lulluɓe yake da shi.

Muna hawa mota na kuka a giya ta ɗaya, kunnuwana na toshewa, sai muka fara cin karo da su suna saukowa. Mata ne, a jere a bakin kwalta, kowacce ta ɗauro dami na rassa da ganyen turare a gadon baya, faɗinsa ya fi ƙarfin buɗe hannu biyu, har mota sai ta kauce. Igiya ta zagayo ƙirji da kafaɗu. Sun sunkuya har fuskarsu na kallon ƙasa, suna wani ɗan gudu-gudu, domin nauyin da gangaren ba sa barin mutum ya yi tafiyar hankali. Na ce direba ya tsaya. Ɗaya ta jingina daminta a kan wani dutse don ta huta ba tare da ta kwance ba, saboda in ta sauke babu mai ɗora mata. Ba yarinya ba ce, akwai furfura a gefen ɗankwalinta. Takalmin roba ne a ƙafarta, ɗaya an ɗinke shi da waya. Igiyar ta yi mata kanta a ƙashin wuya, wurin ya yi baƙi ya yi kauri. Tana numfashi ta baki, a hankali, gumi na ɗiga daga haɓarta cikin wannan sanyi. Na gaishe ta da kalmar gaisuwa ɗaya da na koya, ta amsa da jan iskar nan tasu, ta gyara igiya ta miƙe ta ci gaba.

Direban ya ce tun duhun asuba suke hawa, su tsinci rassa da ganye, wani lokaci su yi ta ɓuya da masu gadin daji, sannan su sauko da shi kasuwa su sayar wa masu toya injera, domin kaskon injera wuta mai saurin ci yake so. Abin da suke samu a dami bai taka kara ya karya ba. Ƙamshin da ya tarbe ni a garin, wanda na yi ta jin daɗinsa, a bayan waɗannan mata yake saukowa. Mu 'yan taro muna zaune a ɗaki mai kafet muna maganar ci-gaban Afirka, ana ba mu ruwan gora don kada tsayi ya dame mu, su kuma suna ɗauke da makamashin birnin a inda ni ko jikina ban iya ɗauka ba. A lokacin ƙasar na gina babbar madatsar ruwa a kan Shuɗin Nilu, aikin da aka fara tun 2011, kuma duk wanda na yi magana da shi yana alfahari da ita, har ma'aikata sun ba da daga albashinsu. Ina fatan wutarta ta isa kaskon injera, ba fitilun otal kaɗai ba.

A saman dutsen ban iya doguwar tafiya ba. Na taka a hankali zuwa bakin gangare, birnin duka ya shimfiɗu a ƙasa cikin siririn hayaƙi, benaye da rufin kwano masu tsatsa a cakuɗe, jirage na tashi daga Bole can nesa. Wasu 'yan tsere suka fito daga cikin bishiyoyi a layi ɗaya, suka wuce mu ba ƙarar komai sai ta takalma.

Da muke saukowa muka tsaya a Shiro Meda, kasuwar masaƙa da ke gindin dutsen, in sayi gabi. Direban ya kai ni wani gida a kusa inda matan da suka daina ɗaukar itace suka haɗa ƙungiya suna saƙar mayafai. Masaƙa na ta ƙara a ƙarƙashin rumfa. Wadda ta sayar mini ba ta iya miƙewa sosai, a karkace take tafiya. Ta bakin direban na tambaye ta ko saƙa ta fi. Ta ce ta fi nesa ba kusa ba, ko ba komai a zaune take yi, kuma 'yarta na makaranta. Ta ce amma gurbi a ƙungiyar kaɗan ne, masu jira suna da yawa, ƙanwarta ma da asubar ranar ta hau dutsen. Na sayi mayafi biyu, ɗaya na mahaifiyata ɗaya na maiɗakina, ta naɗe su a tsohuwar jarida ta rubuta mini kuɗin a bayanta da alƙalami.